Goron Sallar Jarirai Da Yara Ƙanana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya 'ya'ya su zama sanyin ido ga mahaifansu, ya kuma ɗora amanarsu a wuyan manya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ga azumi ya kama hanyar ƙarewa, ga Sallah ta ƙarato. Wanda duk ya ratsa ta Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a Kano, ko babbar kasuwar Kaduna, ko ta Sakkwato, a 'yan kwanakin nan, ya san ba masaka tsinke. Teloli sun daina barci, ɗan kasuwa ya baje haja, ma'aikaci kuwa ya ƙosa albashi ya fito don ya fita kunyar iyali. Wannan duka abu ne mai kyau, gama yalwata wa iyali a ranar Idi yana daga cikin bayyana ni'imar Allah.

To, amma a cikin masu karɓar goron Sallah akwai wasu bayin Allah da ba su iya roƙo, ba su iya zaɓe, ba su kuma iya cewa an gode. Su ne jarirai da yaran da ba su wuce shekara uku ba. Yaro babba in ka kawo masa abin da bai so, ya ɓata rai ka gane. Jariri kuwa kome ka miƙa masa karɓa zai yi ya kai baki, ko magani ne ko guba. Saboda haka alhakin zaɓen duka yana kan mai saye. A kan wannan ne za mu yi magana a filinmu na wannan mako, watau yadda uba, ko kawu, ko baffa, ko abokin uba, zai zaɓi kyautar da za ta amfani jikin yaron da hankalinsa.

ASALIN ABIN A CIKIN SUNNA

Yi wa ƙaramin yaro kyauta yana da tushe mai ƙarfi. Imamu Buhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, mai tsira da amincin Allah, waɗansu tufafi, a cikinsu akwai wani ɗan mayafi baƙi mai zane. Sai ya tambayi sahabbai wa ya kamata a ba, suka yi shiru. Ya sa aka ɗauko Ummu Halid, 'yar Halidu ɗan Sa'idu, wata 'yar yarinya da aka haifa a Habasha zamanin hijira. Ya sanya mata da hannunsa mai albarka, ya yi mata addu'ar tsawon rai, sa'an nan ya riƙa nuna mata zanen yana yaba shi da kalmar Habasanci, watau harshen da ta taso tana ji. Ku dubi abubuwa uku a nan: ya zaɓi abin da ya yi daidai da jikinta, ya ba ta da kansa bai aika ba, ya kuma tsaya ya yi wasa da ita.

Haka kuma kayan wasa. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana da 'yan tsana da ta kan yi wasa da su ita da ƙawayenta, Annabi bai hana ba. Daga nan ne malamai da yawa suka ce 'yar tsana ta yara ta fita daga cikin hanin da aka yi a kan surori, domin tana koya wa yarinya reno tun tana ƙarama. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ba da labari cewa matan Madina su kan yi wa 'ya'yansu abin wasa da gashin tumaki, don su ɗauke musu hankali ranar azumin Ashura. Da hannunsu suka yi, da abin da ke cikin gida. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa hana yaro wasa da matsa masa karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dakushe masa basira. In haka ne ga ɗan makaranta, to, ina ga wanda wasan shi ne dukan karatunsa?

DON WA AKA SAYA?

Tambaya ta farko da mai saye zai yi wa kansa, tun kafin ya taya, ita ce: wannan abu don wa na ke sayensa? Gama da yawa daga cikin abin da mu ke kira kayan jariri, in an bincika, don idon manya aka saye su. A ɗinka wa yarinya 'yar wata biyar leshi mai kaushi da duwatsu, ya yini yana cizon fatarta, tana kuka ana cewa ƙiwuya ce. A sa wa yaron da bai fara tsayuwa ba takalmi sau-ciki mai tauri, a ɗora masa babbar riga mai nauyin aiki cikin zafin bazara, har ƙurajen zafi su feso masa. An kashe kuɗi mai yawa, an ɗauki hoto, an zaga dangi, bayan wata biyu kayan sun matse shi an jefa a akwati. Yaron bai samu kome ba sai wahala.

Ba a hana ado ranar Idi ba, sa sabuwar tufa ma abin so ne. Amma tufar jariri ita ce ta auduga mai laushi, mai shan gumi, mai sauƙin sawa da tuɓewa, wadda aka saya da ɗan yalwa don ta kai shi 'yan watanni. Da riga ɗaya mai tsada gara uku masu sauƙin kuɗi, domin jariri ya kan ɓata tufa sau da yawa a yini, uwar kuma ita ke wanki. Allah ya siffanta bayinsa na ƙwarai a cikin Suratul Furƙan da cewa su masu tsakaitawa ne wajen ciyarwa, tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Ma'aikacin da ya ci bashi don a ce ɗansa ya fi na maƙwabci ado, sa'an nan Shawwal ya kama ba kuɗin kai yaron asibiti, ya duba ko ta wane gefe ya ke.

SHEKARU UKU NA FARKO

Dalilin da ya sa wannan magana ta ke da nauyi shi ne, abin da a ke ginawa a waɗannan shekaru ba a sake samun damar gina shi da sauƙi. Likitoci sun bayyana cewa ƙwaƙwalwar yaro, kafin ya cika shekara uku, ta kan kai kimanin kashi 80 cikin 100 na girman ta babban mutum. Abinci ne ke gina ta, sa'an nan abin da yaron ke gani, da abin da ya ke ji, da abin da ya ke taɓawa, da yadda a ke amsa masa in ya yi 'yan surutansa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Akwai wani bincike da ya kamata iyaye su ji labarinsa. An fara shi a birnin Kingiston na ƙasar Jamaika, wani tsibiri a yankin Karibiyan, a 1986 zuwa 1987. An ɗauki yara 129 'yan gidajen talakawa, masu wata 9 zuwa wata 24, waɗanda duk sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Waɗansu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako, har shekara biyu. Aikinta shi ne ta zauna awa guda ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan da su ke amfani da su na gida ne, waɗanda aka haɗa da tarkacen da a ke zubarwa. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, sun zama samari da 'yan mata. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsararrakinsu da ba su taɓa tsumburewa ba.

Abin lura a nan shi ne, tsadar abin wasan ba ta yi aikin kome ba. Abin da ya yi aiki shi ne wani babba ya zauna da yaron suna juya abin tare. Saboda haka ma'aunin abin wasa mai kyau shi ne wanda ke sa yaro ya yi wani abu da hannunsa, ya kuma jawo babba kusa da shi. Motar batir mai jiniya da walƙiya ita ke yin dukan wasan, yaron ɗan kallo ne. Kwana biyu batir ya mutu, ko taya ta ɓalle, shi ke nan. Ƙoƙo da ludayi kuwa yau ganga ne, gobe tukunya, jibi hula.

KOWANE WATA DA ABINSA

Daga haihuwa zuwa wata shida, jariri bai buƙatar tarin kayan wasa. Idonsa a farkon kwanaki ya fi ganin abin da ke nesa da shi kamar tazarar taƙi guda, watau daidai nisan fuskar uwarsa sa'ad da ta ke shayar da shi. Wannan hikima ce ta Mahalicci. Kyautar da ta fi dacewa da wannan lokaci ita ce zanen goyo mai ƙwari da majanyi, da tawul, da sabulu marar ƙarfi, da baho, da shimfiɗa mai tsabta da za a riƙa kwantar da shi rub da ciki na ɗan lokaci yana farke, ana kallonsa, don wuyansa da kafaɗunsa su yi ƙarfi. In ya kai wata uku ko huɗu ya fara kai hannu, sai a ba shi kacau-kacau marar nauyi, wanda aka rufe sosai yadda abin da ke cikinsa ba zai zubo ba.

Daga wata shida zuwa shekara guda, yaro ya zauna, ya fara rarrafe, haƙori ya fara tsirowa. Yana son ya riƙe, ya buga, ya jefar a ɗauko masa ya sake jefarwa. Iyaye su kan ɗauka fitina ce, alhali kuwa gwaji ya ke yi, yana gano cewa abin da ya ɓace wa ido bai gushe ba. A nan sai ƙwallon tsumma da ta fi ƙarfin bakinsa, da kwanonin roba masu shiga cikin juna, da tabarma mai faɗi inda zai yi rarrafe ba cikin ƙasa ba. A wannan lokaci ne kuma a ke fara ba shi abinci tare da nono, don haka ɗan kofi da ƙaramin cokali da kwanonsa shi kaɗai mai murfi kyauta ce ta gaske.

Daga shekara ɗaya zuwa biyu, ƙafa ta samu, harshe ya fara motsi. Ka je wurin kafinta ya yanka maka guntayen katako manya-manya kamar goma, ya goge su sumul ba fenti, ka ga yadda yaro zai yini yana jerawa yana rushewa. Ga 'yar tsana ta ƙyalle, wadda aka yi wa ido da zare maimakon maɓalli. Ga littafin hotuna mai kaurin takarda, na dabbobi da kayan gida, wanda za a ɗora yaron a cinya a riƙa nuna masa, ga akuya, ga raƙumi, ina zakara? In zai taka waje, a saya masa takalmi mai laushin ƙasa daidai ƙafarsa.

Daga shekara biyu zuwa uku, yaro ya shiga kwaikwayo. Duk abin da ya ga babba na yi shi zai yi. Wannan shi ne lokacin ƙaramar buta da 'yar darduma, don in uba ya tashi salla ya tsaya gefensa yana dungure, ba tilas ba tsawa. Annabi, mai tsira da amincin Allah, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yaron da ya taso salla ta zama masa wurin jin daɗi, ba a shan wahalarsa in ya kai shekara bakwai. Haka nan ɗan allo da alli don ya yi ta zane, da 'yan tukwanen wasa, da fo don koyon tsabta.

ABIN DA KE KARE JIKI

Akwai kyautar da ba ta da ƙyalli, amma tana iya zama sanadin tsirar da rai. Ta farko gidan sauro mai magani. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya su ke, kuma a Afirka kimanin uku cikin kowane huɗu da cutar ke kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wanda ya kai wa mai jego gidan sauro, ya tsaya aka ɗaura shi, ya yi babban goron Sallah.

Ta biyu abinci. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihohin arewa maso yamma kuwa abin ya kai kashi 57. Watau fiye da rabin yaran ke nan, a yankin da a ke noma gero da wake da gyaɗa. Saboda haka ka sa a soya gero da waken soya da gyaɗa, a niƙa su tare, ka kai garin a mazubi mai murfi don kunun yaron da ya wuce wata shida. Wanda bai kai ba kuwa, nonon uwa zalla shi ne abincinsa, sai ka kai wa uwar nama da ƙwai da wake da manja, gama ciyar da mai shayarwa ciyar da jariri ne. Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ya kuma ɗora ci da tufatar da uwar a kan mahaifin yaro. Likitocin zamani ma shekara biyun su ke faɗa.

Ta uku ita ce kyautar kakanninmu, wadda mu ka fara mantawa: a ba yaro 'yar akuya ko kaza, a ce wannan ta wane ce. Kaza ta yi ƙwai a dafa masa, akuya ta haihu ta sake haihuwa, kafin ya isa shiga makaranta ya tara abin sayen littafi. Zancen da a ke yi wai ba yaro ƙwai na sa shi sata camfi ne, ba shi da asali a shari'a ko a likitanci. Har ila yau, wanda ya ɗauki nauyin kuɗin mota don uwa ta kai jariri allurar rigakafi a mako na 6, da na 10, da na 14, da ta ƙyanda a wata na 9, ya yi kyautar da ba ta tsufa. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA ZA A GUJE WA

Ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman fiƙihu cewa tunkuɗe ɓarna shi a ke gabatarwa a kan jawo amfani. To, ga waɗansu abubuwa da a kan saya da kyakkyawar niyya su koma abin kuka.

Na farko, duk abin da zai iya shigewa maƙoshi. Ka haɗa babban yatsanka da manuniya ka yi zobe, abin da duk ya ratsa ta ciki kada ka ba yaron da bai kai shekara uku ba. Tsakiya, da maɓalli, da kwabo, da tayar ƙaramar mota, da alewa mai tauri, da gyaɗa ɗanya ko soyayya da ba a niƙa ba, da dabino mai ƙwallo, da balan-balan da ta fashe, duk suna ciki. Haka ledar da aka naɗo kayan, da igiya ko sarƙar da za ta zagaye wuya. Mafi haɗari shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa masu kiɗa da takalma masu walƙiya. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa biyu. In haka ta faru, Allah ya kiyaye, asibiti nan take, ba jiran gobe.

Na biyu, keken nan mai tayoyi da a ke zaunar da jariri a ciki wai don ya yi saurin tafiya. Ba ya sa tafiya da wuri, sai dai ya kai yaro bakin murhu, ko tukunyar ruwan zafi, ko matakala, da saurin da uwa ba za ta cim masa ba. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Tun gabanin haka da ƙarnoni, Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan hijira, ya yi gargaɗi a cikin littafinsa na hukunce-hukuncen jarirai, Tuhfatul Maududi, cewa kada a tilasta wa yaro tafiya kafin lokacinta. A bar shi ya yi rarrafensa, ya dafa bango, Allah zai tashe shi.

Na uku, dalma. Mutanen Zamfara ba su manta 2010 ba, shekarar da gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wannan gubar ta kan ɓuya a cikin waɗansu fentoci, kuma a 2007 sai da aka janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwannin Amurka saboda ita. Ko kaɗan ce ta shiga jikin yaro tana dakushe masa ƙwaƙwalwa, ba kuma a gani sai ya shiga makaranta. Saboda haka abin wasa mai fentin da ke ɓarewa, a bar shi a kanti. Haka nan an auna waɗansu nau'o'in kwallin da a ke sayarwa aka tarar galibinsu dalma ce, don haka kada a ranƙaɗa wa jariri kwallin da ba a san asalinsa ba da sunan kwalliyar Sallah.

Na huɗu, zuma da bulumboti. Zuma abu ne mai albarka, amma likitoci sun hana ba da ita ga jaririn da bai cika shekara ba, domin ta kan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai yi ƙwarin kashewa ba, ta shanye masa jiki. Bulumboti kuwa, wanda a ke kira fida, yana da wuyar wankewa, ya kan jawo gudawa, ya kuma sa jariri ya ƙi mama. Kai wa mai jego lafiyayya gwangwanin madara da fida ba gata ba ne, sai in likita ne ya ce.

Na biyar, waya. An fara ganin iyaye na saya wa ɗan shekara biyu wayar hannu ko allon kallo, wai don ya yi wayo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban irin waɗannan, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa guda a yini. Harshe daga bakin mutum a ke ɗaukarsa, wanda zai dube ka ya amsa maka.

GA 'YAN KASUWA DA MA'AIKATA

Ɗan kasuwa mai sayar da kayan yara, ka sani Annabi, mai tsira da amincin Allah, ya taɓa cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Imamu Muslim ne ya ruwaito. In mai saye ya ce maka ɗansa wata goma ne, kai kuwa ka san abin da ya ɗauka yana da ƙananan ɓangarori, wajibi ne ka faɗa masa, ko da cinikin zai tashi. Ribar da za ta kai ɗan wani asibiti ba riba ba ce.

Ma'aikaci kuwa, musamman mai riƙe da muƙami, ya yi hattara da kyautar da a ke bi da ita ta hannun ɗansa. Ɗan kwangilar da takardarsa ke kan teburinka, in ya aiko da katon na kaya wai goron Sallar yara, ka tambayi kanka da ba ka kan kujerar zai aiko? Wannan ita ce tambayar da Annabi ya yi a kan Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya komo yana ware wani kaso wai kyauta aka ba shi. Sunan jariri ba ya wanke toshiya.

ADALCI DA AMANA

Daga ƙarshe, mai 'ya'ya da yawa, balle mai mata fiye da ɗaya, ya tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir. Ubansa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya zo neman Annabi ya yi shaida. Da Annabi ya ji ba a ba sauran 'ya'yan irinta ba, sai ya ƙi, ya umurce shi da tsoron Allah da daidaita 'ya'yansa, uban ya janye kyautar. Jariri bai san an fifita wani a kansa ba, amma uwarsa ta sani, 'yan'uwansa kuma za su ji labari. Gaba da yawa da a ke gani ranar rabon gado, a kan kayan Sallah aka shuka ta. Kada kuma a manta da maraya da ɗan maƙwabci matalauci. Kayan da ɗanka ya girme wa, masu sauran kyau, a wanke a kai inda a ke buƙata tun kafin ranar Idi.

Kuɗin da baƙi ke danƙa wa jariri kuwa, in an san shi aka nufa, dukiyarsa ce, uba mai riƙon amana ne. A yi masa hidima da ita, ko a saya masa dabba, ko a adana masa. Kuma kafin a fita sayayya, maigida ya fara ware zakkar fid-da-kai, gama ta hau kansa har a madadin jaririn da ke cikin zanen goyo, mudu huɗu da mudun Annabi.

Abin da ya rage shi ne ka kai kyautar da kanka. Ka tuɓe babbar riga, ka zauna a tabarma, ka ɗauki yaron, ka kira sunansa, ka jera masa katakon ya rushe ku yi dariya, ka shafa kansa ka sa masa albarka. Allah ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu nema 'ya'ya na gari, ya karɓi ibadarmu, ya nuna mana Sallah lafiya. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.